Tambayi Anti: Yaro ya fara rarrafe, banɗaki fa?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon yawancinsu a kan banɗaki da ƙananan yara suke. Na zaɓi biyar, na gajarta wasu saboda fili.

Anti, barka da aiki. Ɗana na fari watansa 11, rarrafe yake ba ji ba gani, har ya fara dafa bango yana miƙewa. Na ga ana tallan kayan tsare banɗaki kala-kala: robar da ake sa wa bakin famfo, makullin murfin masai, kujerar wanka mai mannewa a ƙasan baho, da abin rufe kusurwa. Ba zan iya sayensu gaba ɗaya ba. Da wanne zan fara? — Maman yaro ɗaya

Ƙanwata, kafin ki sayi komai, tashi ki leƙa banɗakin naki ki ga mazubi nawa ne ke da ruwa a ciki yanzu haka. Bokitin da aka tara ruwa don gudun ɗaukewar famfo, bahon da aka jiƙa kaya tun safe, ruwan wankan da aka gama ba a zubar ba, bokitin goge ƙasa da aka tura bayan ƙofa. Su nake tsoro, kuma a cikin kayan da kika lissafo babu mai maganinsu.

Yaro sa'an ɗanki kansa ya fi ƙarfin jikinsa, nauyinsa duk a sama yake. Zai rarrafo ya kama bakin bokiti ya miƙe, ya leƙa, ya ga soso na yawo a kan ruwa, ya kai hannu. Ƙirjinsa na wuce bakin bokitin sai kan ya rinjaye shi, ƙafafu su tashi sama. Babban bokiti mai cin lita 20, in da ruwa a cikinsa ko da bai kai rabi ba, nauyin ruwan ba zai bar shi ya kife ba. Cikinsa a miƙe yake ga santsi, hannun yaron ba shi da abin da zai tokara ya turo kansa waje. Kuma ba sai ruwan ya yi yawa ba. Zurfin santimita 5, kusan tsawon ƙaramin yatsanki, ya isa ya rufe hanci da baki.

Abin da ke yi wa iyaye wuyar yarda shi ne babu ihu. Kowa na zaton zai ji fantsamar ruwa da kuka. Yaron da fuskarsa ke cikin ruwa ba shi da iskar da zai yi kuka da ita. Kina iya zama a ɗaki kina ninke kaya, ƙofa a buɗe, ba ki ji komai ba. Minti 4 zuwa 6 babu numfashi, ƙwaƙwalwa ta fara samun lahanin da ba ya gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a duniya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Lissafin ya haɗa da kogi da rijiya da kududdufi, amma a Amurka, inda ake bin diddigin inda abin ya faru, jariran da ba su cika shekara ba yawancinsu a bahon wanka na cikin gida abin ke samunsu.

To, abin da za ki fara saya sakata ce. Ki sa a kafa ta a bayan ƙofar banɗakin, ta waje, can sama inda sai babba ya ɗaga hannu. Sakata ɗaya ta tare masa bokiti da masai da sabulu da santsi a lokaci guda. Sai dai ba ta rufe kanta. Maigida, mai taya ki aiki, baƙon da ya kwana, kowa sai ya san in ya fito zai ja ƙofar ya zura ta. A nan yawancin gidaje ke kasawa, don haka ki haɗa da al'ada ta biyu wadda ba ta dogara da ƙofar ba: an gama da ruwa, a zubar, a kife mazubin. In tara ruwa ya zame miki dole, ki tara a duro mai murfin da ke murɗuwa ko mai maƙalli. Faranti ko guntun katako a kan bokiti ba murfi ba ne, yaro da hannu ɗaya zai ture shi.

Makullin murfin masai shi ne na biyu a jerinki, don masai na zama shi ma ruwa ne a tsaye mai bakin da ya yi daidai ƙirjin yaro. Robar bakin famfo da ta kusurwa ƙulu suke karewa a goshi, ƙulu kuwa yana sacewa. Ki saye su in hali ya yi.

Kujerar wankan nan, ni dai ban ba ki shawarar saye ba. Robobin da ke manne ta suna saki, musamman a baho mai ƙurji-ƙurji ko wanda sabulu ya kwanta masa, ta kife da yaron a ciki. Wani yaron kuma ta ramin ƙafa yake zamewa. Amma babbar illarta a wurin uwa take: kin ga yaro zaune daram yana wasa, sai zuciya ta ce miki je ki ɗauko tawul, ai minti ɗaya ne. Ba don kujerar ba da ba ki ko fara tunanin fita ba.

In za ki yi masa wanka, tara komai tukuna: tawul, sabulu, soso, kayan sawa. Ruwan kada ya wuce ƙugunsa in yana zaune. Ki zauna inda hannunki zai kai gare shi ba sai kin tashi ba. Waya ta yi ta ƙara, ki ƙyale ta. An ƙwanƙwasa ƙofa kuma dole ki je, naɗe shi a tawul da kumfarsa ki tafi da shi. Nan gaba in Allah ya ƙaro muku, ki tuna cewa yayan da ke shekara 6 ko 7 ba mai tsaro ba ne. Zai ga ƙaninsa ya kifa fuska a ruwa ya ɗauka wasa yake, ko ya tsorata ya yi shiru don kada a ce laifinsa ne. Ana gamawa ki zubar da ruwan, ki kwashe kayan wasan daga bahon, don su ne ke sa yaro komawa shi kaɗai.

Allah ya tsare, amma ki san wannan. In aka ciro yaro daga ruwa ba ya numfashi, ki ƙwala kira a nemo taimako, ki kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ki hura masa iska sau 5 har ki ga ƙirjin na ɗagawa. Ga jariri bakinki zai rufe hancinsa da bakinsa gaba ɗaya. Daga nan danna tsakiyar ƙirji sau 30, hura iska sau 2, a yi ta maimaitawa. Kada a riƙe shi ta ƙafa ana zazzagawa, kada a matsa masa ciki wai ruwa ya fito. Lokaci ake ɓatawa, kuma abin da ke cikin cikin yana iya komawa huhu. Ko ya farfaɗo ya koma wasa, a kai shi asibiti. Karantawa a mujalla ba ta kai koyo da hannu ba, ki nemi inda ake koyarwa, a asibiti ko wurin ƙungiyar Red Cross, ku je ke da maigidan.

Salamu alaikum. 'Yata mai shekara 2 ta murɗa famfon ruwan zafi ana yi mata wanka, bayan hannunta ya yi ja, Allah ya taƙaita bai tashi ba. Na ce a rage zafin hitar bango, sai mai gyaran ya ce in an rage ƙwayoyin cuta za su hayayyafa a cikin tankin. Gaskiya ne ko ƙyuya ce? Wani lokacin kuma muna amfani da hitar da ake tsomawa a bokiti. — Baban Yarinya

Wa alaikumus salam, Malam. Mai gyaran naka ba ƙyuya yake ba, gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Akwai ƙwayar cuta mai suna Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar wani ciwon huhu a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976. Ruwa mai ɗumi da ke kwance a tanki take so, tsakanin digiri 20 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa ake son tanki ya riƙa kaiwa digiri 60. Matsalar ita ce ruwa mai digiri 60 cikin daƙiƙoƙin da ba su kai 5 ba yake cinye fatar yaro har ƙasa, don fatarsu ta fi tamu laushi nesa ba kusa ba. A digiri 49 kuwa sai an ɗauki mintoci kafin a yi irin wannan ƙunar. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce damar da uwa ke da ita ta fizge hannun.

Rabin da bai faɗa maka ba: akwai wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a kan bututu, tana gauraya ruwan zafi da na sanyi kafin ya iso bakin famfo. Tanki na nan da zafinsa, abin da ke fitowa kuma ba ya wuce iyakar da aka saita. A Ingila tun 2010 doka ta ce a sabon gida ruwan da ke zuba a bahon wanka kada ya wuce digiri 48, kuma da irin wannan na'urar ake cika sharaɗin. Ka tambaye shi ita. In ba ta samuwa, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka shawararta ita ce kada ruwan famfo ya wuce digiri 49, kuma da yarinya mai shekara 2 a gida ni ma ɓangaren da zan karkata ke nan.

Ko 48 ɗin ma ya yi wa wanka zafi. Ruwan wankan yaro digiri 37 zuwa 38 ne, daidai ɗumin jiki. In babu ma'auni a tsoma gwiwar hannu, ba tafin hannu ba, don tafin babba ya saba da zafi, ƙarya yake yi. A fara zuba na sanyi, a bi da na zafi, a motsa sosai saboda zafin yakan taru a gefe guda. A ƙarshe a ɗan saki na sanyi don bakin famfon ya huce. Yarinyar a zaunar da ita nesa da famfo, ta ba shi baya. Masu dafa ruwa su kawo kuma, kuskuren da aka fi yi shi ne a juye tafasasshen a baho a ajiye a ƙasa, a tafi ɗebo na surki. A wannan tafiyar ake samun mafi munin ƙuna, yaro ya zo da baya ya zauna a ciki.

Hitar bokiti haɗari uku ta tara wuri ɗaya: ruwa a tsaye, zafi, da lantarki. In babu makawa sai an yi amfani da ita, a yi a wurin da aka kulle, a zare ta daga soket kafin kowa ya taɓa ruwan ko bokitin, ba a kashe makunni kawai ba. Ka kuma sa mai aikin wuta ya duba ko akwai na'urar nan da ke yanke wuta da zarar ta ji tana zurarewa ta jikin mutum ko ta ruwa. Ta gida a kan miliamfiya 30 (ma'aunin yawan wutar da ta zurare) take yankewa, tana da ɗan maɓallin gwaji a jikinta da ake dannawa lokaci-lokaci. Fis na yau da kullum wayoyin gida yake karewa daga gobara, ba jikin 'yarka ba. Na'urar busar da gashi, injin aski, da waya a caji, duk a fitar da su daga banɗaki.

Sai maganar ƙunar kanta, tunda ta taɓa faruwa. Ruwan famfo mai sanyi, yana zuba a wurin, minti 20 cif. Zai yi maka tsawo, yarinya na kuka, kowa na cewa ya isa haka. Bai isa ba, zafin na ci gaba da cin nama a ƙarƙashin fata bayan an janye hannun. A cire riga ko zobe tun wurin bai kumbura ba, sai dai in rigar ta manne. A lulluɓe sauran jikin kada sanyi ya kama ta. Ban da ƙanƙara. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri ko mai. Lokacin da nake aiki a ɗakin yara an taɓa kawo wani yaro an shafe masa hannu da man goge baki har ya bushe ya yi ɓawo. Kafin likita ya ga zurfin ƙunar sai da muka jiƙa muka riƙa ɓamɓare shi kaɗan-kaɗan daga kan ɗanyen ciwo, uwar na riƙe da shi ta kau da kai. Wankin ya fi ƙunar ba shi wahala. A rufe da leda mai tsabta irin ta naɗe abinci, sako-sako, kada a fasa ƙurjin da ya ɗuri ruwa. Ƙunar fuska, hannu, ƙafa, gaba ko kan gaɓa, ko wadda ta fi tafin hannun yaron faɗi, ta asibiti ce. Ga jariri kuwa kowace iri ce a kai shi.

'Yata, ina gaisuwa. Jikokina uku za su zo mini hutu, ƙaramin shekararsa 2. Surukata ta ce sai na kwashe magungunana daga kantar banɗaki, da kayan wanke masai da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu. Ni na reni 'ya'ya bakwai ban taɓa kulle komai ba. Kuma kwalaben duk masu murfin nan ne da ni kaina da ƙyar nake buɗewa. Ba tsirfa ba ce irin ta yaran zamani? — Kakar yara

Hajiya, ina amsawa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Reno kam ba wanda zai koya miki. Sai dai a wannan maganar ina bayan surukarki, kuma dalilina ba ya taɓa iya renonki. Lokacin da kike goyon naki bakwai ɗin, magungunan da ke kan kantar nan ba sa gidan. Wasu daga cikin magungunan hawan jini da na ciwon suga, ƙwaya ɗaya ko biyu da ke daidaita jikin babba tana iya kayar da yaro mai kilo 12, jininsa ko sugansa ya faɗi warwas, wani lokacin sai bayan sa'o'i. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ga ta da santsi da launi kamar alewa, tana cikin masu kisa in yaro ya sha da yawa. Farasitamol ma da muka raina mayaudari ne: yaro ya sha fiye da kima ya wuni yana wasa, sai bayan kwana 2 ko 3 hanta ta nuna, alhali maganin da ke karya shi a sa'o'in farko ya fi aiki.

Murfin da kika dogara da shi, wani likitan yara a Kanada, Henri Breault, shi ya tsaya aka ƙirƙiro shi a 1967 don ya gaji da ganin yaran da suka sha magani, Amurka kuma ta mai da shi doka a 1970. Ya ceci rayuka masu yawa. Amma yadda ake gwada shi shi ne a ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 su yi ta fama na minti 10, in kashi 80 cikin 100 suka kasa, ya ci jarrabawa. Ashe ke nan an yarda wasu za su buɗe. Jinkiri yake kawowa kafin babba ya ankara. Kuma Hajiya, tsakaninmu, tunda yana ba ki wahala, anya kullum kina murɗa shi har ya yi ƙara? Akwatin nan mai gida-gida na kwanakin mako da ake jera ƙwayoyi a ciki shi ko wannan kariyar ba shi da ita. Haka jakar hannu da ake ajiyewa a kan gado.

Ki mayar da su durowa mai mukulli a ɗaki. Ko ba don jikoki ba, tururi da laimar banɗaki suna rage wa magani ƙarfi. In za ki sha, kada ki sha a gabansu, don ɗan shekara 2 duk abin da ya ga kaka ta kai baki shi ma sai ya kai. Kada kuma a ce wa yaro magani alewa ne don ya karɓa.

Kayan wanki su koma sama, a kulle, kowanne cikin mazubinsa na asali. Bilic ko sinadarin wanke tayil da aka juye a gorar ruwa ko ta lemo tarko ne da ke kama yara, don yaro gorar ya sani, ba abin da ke ciki ba. Mafi muni shi ne na buɗe toshewar bututu, mai soda, wanda kurɓa ɗaya ke ƙone maƙogwaro ya bar tabon da ke hana haɗiya. In yaro ya sha irin waɗannan kada a sa shi amai, abin da ya ƙone hanya da shigarsa zai sake ƙone ta da fitowarsa. Kada a ɗura masa mai ko wani abu wai ya kashe dafin. A goge bakin, a ɗauki mazubin a tafi da shi asibiti don likita ya ga ko mene ne. In ido ya shiga, a yi ta zuba ruwa minti 15 zuwa 20 kafin a kama hanya. Ke ma da kanki, kada ki haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid don wai ya fi fita. Iskar kilorin suke tayarwa, a ɗan ƙaramin ɗaki irin banɗaki tana iya shaƙe mutum.

Reza da almakashi kin san da su. Wanda ba a cika tunawa ba shi ne ɗan batir mai faɗi kamar maɓalli, na cikin sikelin awon nauyi da ma'aunin zafin jiki. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa 2 yana iya yin mummunar ƙuna. Ko zato aka yi, asibiti nan take, ba a jiran a ga ko zai fito.

Anti, yarona mai shekara 3 ya zura sakatar ciki ya kasa buɗewa, sai da aka ɓalle ƙofar. Yaya zan hana a sake? — Wata uwa

Cire sakatar cikin, ko a mayar da ita sama, kuma kada a bar mukulli a jikin ƙofa. In za a canja makulli, a sa irin wanda ke da ɗan tsagi ta waje da ake murɗawa da kwabo ko sukundireba, ki gwada shi yau, ba ranar da ake buƙata ba. In ya sake faruwa kafin nan, mutum ɗaya ya tsaya a bakin ƙofar yana yi masa magana a natse, ya sa shi ya zauna a ƙasa nesa da ruwa yana amsawa, wani ya nemo abin buɗewa. In ya daina amsawa, a ɓalle, ƙofa ce.

Anti, ɗiyata ta kusa shekara 4, ta daina fitsarin wando amma ta ƙi hawa masai, sai ta riƙe bayan gida kwana biyu. Ba ta kai wurin wanke hannu ba, komai sai na ɗaga ta. Kuma yaushe zan bar ta ta riƙa shiga ita kaɗai? — Maman 'yan mata

Ƙanwata, durƙusa a ƙofar banɗakin har idonki ya yi daidai nata, ki duba. Masai ya kai mata ciki, bakinsa ya fi mazaunanta faɗi, in ta hau ƙafafunta na reto, ta ƙanƙame gefe da hannu biyu don kada ta rufta. Wanda ke ƙanƙame ba ya iya sakin jiki, wanda bai saki jiki ba kuwa ba ya yin bayan gida. In ta riƙe, ya bushe ya yi tauri, ranar da ya fito ya yi mata zafi, gobe ta ƙara riƙewa. Haka abin ke zagayawa.

Abu biyu za su sauya mata wurin. Ƙaramin mazauni da ake ɗorawa a kan na manya, wanda ba ya motsi, da 'yar kujerar takawa mai faɗin gindi da roba a ƙafafu. Kujerar ba ta hawa kaɗai ba ce. In tana zaune tafin ƙafarta ya tabbata a kanta, gwiwoyi su ɗan fi ƙugu tudu, shi ne zaman da ke sauƙaƙa fitowa. Kada ki ja ruwa tana kai, ƙarar na firgita yara da yawa. Ta sauka tukuna, in tana so ita ta danna. In masai na tsugunno ne ko mai rami, ramin ya yi wa ƙafafunta faɗi, ki bar ta a kan fo har ta ƙara girma, a riƙa juyewa a masai ana wankewa, ramin kuma kullum da murfi mai nauyi. In duk da haka riƙewar ta ci gaba, ko kika ga jini, ko wandonta na ɓaci ba ta sani ba, ki kai ta a duba. Faɗa da duka ƙara ɗaure cikin suke yi.

Kujerar ce dai za ta kai ta wurin wanke hannu. Ki kafa mata maratayin tawul daidai tsayinta, sabulu a gaba-gaba, ku riƙa cuɗa hannu tare na daƙiƙa 20. Man goge baki ke za ki matsa mata, kamar ƙwayar wake ƙarama daga shekara 3 zuwa 6, na ƙasa da haka kamar ƙwayar shinkafa, sannan ki ɗauke bututun, don wasu yaran shanye shi suke yi. Shimfiɗar roba mai kama ƙasa a inda ake wanka, wata busasshiya a inda ake fitowa, a kuma riƙa ɗaga ta roban ana wanke ƙarƙashinta, in ba haka ba ita kanta sai ta zama abin santsi. Ki lura da abu ɗaya: ranar da kujera ta shigo, hannunta ya ƙaru da tsayin kujerar. Duk abin da kika ce ai yana sama, ki sake aunawa.

Shiga ita kaɗai kashi biyu ne. Fitsari da wanke hannu da rana, ƙofa a buɗe, kina kusa, babu ruwa a tare, babu sinadari a ƙasa, za ta iya fara koyo yanzu, in dai babu ƙaramin da zai bi ta. Tunda kin ce 'yan mata, in akwai ƙanwa mai rarrafe, sakata na nan a wurinta, ita babbar ta kira ki ki buɗe mata. Da dare ki ajiye mata fo a ɗaki da 'yar fitila, ya fi ta tafi banɗaki cikin magagi. Wanka a baho mai ruwa kuwa da saura. Kafin shekara 6 ban yarda a bar yaro a ciki ba babba a wurin, bayan nan ma a bar ƙofa a buɗe ana jin motsinsa. Yaron da ke da farfaɗiya hukuncinsa daban ne komai shekarunsa: wanka da shawa ko da kofi yana zaune a kan kujera, magudana a buɗe ruwa na wucewa, ƙofa ba a kulle ba, kuma da wani a kusa.